Motar da ke Durƙusa wa Inna

"To ni ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ƙarya kake yi ba, Yaya. Cewa na yi ni ban gani ba."

"Ba ka gani ba. Jiya na fito da safe na tarar da mota kwance da cikinta a ƙasa kamar saniyar da ta ƙi tashi, kai kuma kana ce mini ba ka gani ba."

Mai Kumfa ya sosa ƙeyarsa da bakin kwalbar da ke hannunsa, ya sake duban motar. Ga ta nan tsaye a tsakiyar garejinsa, doguwa, baƙa, babu kusurwar da ta fi wata sauka. Yaya, wato wan matarsa, shi ya kawo ta jiya ta kwana a nan. Kafin a rufe gareji Mai Kumfa ya auna tsayin kowace kusurwa, daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin mota, ya sa alama da alli a jikin sanda. Da gari ya waye ya sake aunawa. Ko kaurin farce ba ta sauka ba. Kuma ba wannan ne kwananta na farko a wurinsa ba.

"Ko dai wurin da kuke ajiye ta a gida ne ba daidai yake ba?" ya tambaya a hankali.

"Siminti ne. Ni na tsaya aka zuba shi. Ni da nake sayar da tayil ne ban san ƙasa mai daidai ba?"

"Ana barin kaya masu nauyi a but ɗin bayanta?"

"Sandar Inna ce kayan nauyin?"

"To wane ɓangaren ne yake fara sauka?"

"Duka."

"Amma matarka ta ce mini hagu na baya."

"Ita ta ce hagu, 'yata ta ce bayan ne gaba ɗaya, ni na ce duka. Ka zaɓi wanda ya yi maka." Yaya ya kakkaɓe hannun farar rigarsa inda ya goga da ƙofa. "Ka saurare ni. Na yi magana da mai sifirin ɗin nan na bayan tasha. Gobe da safe zan kai masa ita, ya cire jakunkunan iskan nan naka, ya sa mata ƙarfe irin na kowace mota. Ƙarfe ba ya sacewa."

"In aka sa sifirin ba za ta ƙara sauka ba, Yaya."

"Abin da nake so ke nan."

"Inna fa?"

Yaya ya dubi titi. Can ya ce, "Sai a riƙa ɗaga ta." Ya hau babur ɗinsa ya tafi shago.

Motar ba kamar sauran motoci take ba. A maimakon sifirin, kan jakunkunan roba huɗu take zaune, kowace taya da tata. Akwai ɗan injin hura iska a ƙarƙashinta, wanda masu gyara ke kira kwamfuresa, da tankin ajiyar iska, da siraran tiyo da ke kai wa kowace jaka rabonta. Kusa da giya akwai maɓalli. In ka danna sama, motar ta miƙe har ta iya tsallake kwata. In ka danna ƙasa, ta sauke kanta a hankali har bakin ƙofarta ya kusa taɓa ƙasa. Saboda wannan saukar kawai Yaya ya saye ta. Gwiwoyin Inna, mahaifiyar Yaya da matar Mai Kumfa, sun daina lanƙwasuwa, kuma a kai a kai ake kai ta asibitin ƙashi ana yi mata gashi. Ranar da aka fara kawo motar ta sauka a gabanta, Inna ta tafa hannu ta ce, "Kun ga mai tarbiyya. Ta fi jikokina, ita ta san a durƙusa wa babba."

Yanzu kuwa mai tarbiyyar ta fara durƙusawa ta ƙi tashi. Ba kullum ba. Wani lokaci ta yi kwanaki lafiya lau, wani lokaci a wayi gari a same ta shimfiɗe. In an tayar da ita, kwamfuresa ya yi ta gurnani yana fama, ya yi zafi ya ɗauke, a jira ya huce, a sake. Kafin ta miƙe rana ta ɗaga, layin asibiti ya wuce Inna.

Mai Kumfa bai fara sana'a da manyan motoci ba. Mai faci ne a bakin hanya tun yana saurayi, da rabin ganga cike da ruwa da famfon hannu. A nan ya koyi abin da ya zama dukan iliminsa: iska tana iya ɓoye wa ido, tana iya ɓoye wa kunne, amma ba ta iya ɓoye wa ruwa. Ka tsoma tub ɗin taya, ka juya shi a hankali, kumfar iska za ta taso ta nuna maka wurin. Wata rana direban wata babbar mota ya tsaya a wurinsa da jakar iskar baya tana yoyo, ya ce ko zai iya dubawa. Jaka ba ta shiga ganga, don haka ya kaɗa sabulu a kwalba, ya huda murfin da ƙusa, ya fesa. Kumfa ta taso. Daga ranar direbobi suka fara turo masa juna, har ya bar faci ya kama wannan rumfar da yake ciki, tsakanin mai walda da mai fenti. Sunansa na yanka ma ya ɓata a bakin mutane. Har 'ya'yansa, in an tambaye su, cewa suke babansu Mai Kumfa ne.

Yana da doka ɗaya da bai taɓa karyawa ba: ba ya canza abin da bai ga kumfarsa ba. Wasu suna yaba masa a kan haka, wasu kuma suna cewa taurin kai ne kawai da aka yi wa ado. Shi dai ya sha ganin motar da aka canza wa jaka huɗu da kwamfuresa, aka mayar wa mai ita, washegari ta sake kwantawa, ashe wata 'yar roba ce a bakin tiyo wadda ba ta kai girman zobe ba.

Bayan Yaya ya tafi, ya sake yin abin da ya riga ya yi sau da yawa. Ya tayar da motar, ya danna maɓalli ta miƙe iya miƙewarta don ya sami wurin shiga. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta, ya ja jiki ya shige ƙarƙashinta da kwalbarsa. Ya fesa wa jakar hagu ta baya tun daga wuya har gindi. Ya jira. Ruwan sabulu ya gangaro ya ɗiga masa a kumatu, babu kumfa ko ɗaya. Ya fesa wa ta dama. Ya bi tiyo da yatsa yana fesawa, ya jiƙa akwatin bawul mai raba iska, ya jiƙa bakin tanki. Ya girgiza 'yan ƙarafan da ke auna tsayin mota, ko ɗaya bai yi sako-sako ba. Ya kashe injin ya kasa kunne, babu abin da ya ji sai guduma daga rumfar maƙwabci. Ya fito ya jona na'urar da ya saya don irin wannan rana, ita kuma ta gaya masa cewa kwamfuresa yana yawan aiki, abin da ko mai shayin bakin titi ya sani.

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya leƙo ta saman katangar kwano. "Har yanzu amaryar taka ba ta yi magana ba?"

"Lafiyarta ƙalau. Abin da ke damuna ke nan."

"To ai shi ke nan, a nan take son zama. A gidan surukanka take ciwo, a wurinka take warkewa. Ni ma haka nake ji in na je gidan nawa surukan."

"Kai dai ba ka da aiki."

"Ka canza jaka ɗaya mana, ka ce ita ce. In ta sake kwantawa ka canza wata. Kafin ka kai ta huɗu ai ka dace."

"In kuma ba jaka ba ce?"

"Sai ka ce ta zo da sabon ciwo." Ya sauke gilashinsa ya koma ga tartsatsinsa.

Mai Kumfa ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya ɗauki maganar matar Yaya ya ajiye gefe, ya ɗauki ta 'yar, ya ɗauki ta Yaya. In hagu ne kawai, jaka ce ko tiyonta. In baya ne gaba ɗaya, bawul ne. In duka ne, tanki ne ko babban tiyo. Ba zai yiwu su zama duka gaskiya ba, kuma babu wanda ke da dalilin yi masa ƙarya. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, har ya fara tunanin ko idonsa ne ya fara tsufa, ko sabulun ne aka canza wa haɗi. Ya fesa wa bawul ɗin wata taya da ya san yana yoyo. Kumfa ta taso nan take. Sabulu dai lafiyarsa lau.

Da rana ya je gida cin abinci. Matarsa, wadda duk dangi ke kira Auta, ta ajiye masa kwano ta zauna a hannun kujera, ba ta koma kicin ba. Ya san akwai magana.

"Inna ta kira ni," ta ce. "Ta ji zancen sifirin."

"Me ta ce?"

"Ta ce ita ba buhun shinkafa ba ce da za a riƙa kama ta hannu da ƙafa ana jefawa a mota a gaban maƙwabta. Ta ce ranar da motar ta daina sauka, ranar ta daina zuwa asibiti. Ka san ta. In ta faɗa, ta faɗa."

"In ta daina gashin ai gwiwar ƙagewa za ta yi gaba ɗaya."

"Ni kake gaya wa? Ka je ka gaya mata." Auta ta gyara ɗankwalinta. "Ga dama ma ta samu. An mayar mata da layinta yamma tunda motar tana wurinka, Yaya kuma ana sauke masa kaya a shago. Kai za ka kai ta."

Ya mayar da lomar cikin kwano. "Ni?"

"A'a, mai walda."

"Ba wani direba a unguwar? Ni fa ina da..."

"Baban yara, shekara nawa da aurenmu? 'Yarka ta fari ta kusa fin ni tsawo, har yanzu in ka ji muryar uwata sai ka nemi ƙofa. Cizo take yi?"

Ba cizo take yi ba, kuma ba ta taɓa faɗa masa marar daɗi ba. Abin da ke tsakaninsa da Inna shi kansa bai san sunansa ba. Mutumin da zai iya kwana biyu yana sauraron inji bai gaji ba, in Inna ta buɗe baki sai kansa ya ɗaure. Tambaya uku take yi a numfashi ɗaya, kafin ka zaɓi wadda za ka amsa ta shiga labarin wani wanda ya rasu tun kafin a haife ka, ta dawo ta tambaye ka ra'ayinka a kai. Don haka tun farkon aure ya samo dabararsa: ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ya ce ana jiransa a gareji. Motar ma bai taɓa zuwa gidan ya duba ta ba. Kullum cewa yake a kawo ta inda kayan aiki suke.

Da ya kai motar gidan Yaya, ya sami Inna a tsakar gida zaune a kujerar roba, jaka a cinya, sanda a hannu, ta shirya tsaf. Ya danna maɓalli, motar ta sauka.

"Mijin Auta! Yau kai ne da kanka? Ina yaran, ƙaramin ya daina tarin nan, wa ya yi maka wannan askin?"

"Lafiya lau, Inna."

"Askin ne lafiya lau ko tarin?"

Ya buɗe mata ƙofar baya ta hagu. Ta juya baya, ta zauna a bakin kujera, ta ɗaga ƙafa ɗaya da hannu biyu ta shigar, sannan ɗayar. Ba ta nemi taimako ba, shi ma bai miƙa hannu ba. Ya lura dai da yadda ta cije leɓe, da yadda ta saki fuska bayan ta shiga, ta dube shi kamar mai cewa ka gani.

A hanya ta ba shi labarin wata ƙawarta da aka yi wa aikin gwiwa aka sa mata ƙarfe, da mijin ƙawar wanda yake gyaran agogo, da wani agogon bango da aka kawo mata ranar aurenta wanda bai taɓa faɗin gaskiya ba. Ta tambaye shi ko ya tuna mai agogon. Ya ce bai san shi ba. Ta ce ai dole, tunda mutumin ya rasu shi yana cikin zanin goyo, to me ya sa ɗanta Yaya yake son sa wa motarta ƙarfe, ita ma ciwon gwiwa take? Ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga ta koma kan tsadar man zafi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana "haka ne, Inna" a duk inda ya ga gurbi. Sau ɗaya ya faɗa a inda bai dace ba, ta ce, "Haka ne me? Cewa na yi ko na mutu ba wanda zai lura."

Ya jira ta a harabar asibiti. Ya zagaya motar, ya tsuguna ya leƙa, ya dafa kowace kusurwa ya danna. Tsaye take kamar soja.

Da suka dawo gida rana ta yi sanyi. Ya tsaya a kan simintin Yaya, wanda lalle daidai yake, ya sauke motar. Inna ta fito da ƙafafunta waje, ta dafa ƙasa, amma ba ta tashi ba. Ta zauna a bakin kujerar tana murza gwiwa. Ya jira har ta miƙe ta koma kujerar robarta, ya rufe ƙofa, ya kai hannu zai danna maɓalli motar ta koma tsayinta kafin ya kashe.

"Me za ka yi?"

"Zan ɗaga ta, Inna."

"Don me? Bar ta haka. In na sauka haka ake barinta, in zan fita in same ta tana jirana. Wa zai tsaya ɗaga ta ya sake sauke ta, aikin banza."

Hannunsa ya tsaya a kan maɓallin. "Haka take kwana? A durƙushe?"

"In ni na hau ta ƙarshe. In Yaya ne ya fita da ita shi kaɗai, a tsaye yake barinta, ba ruwansa da kowa. Kashe ta ka zo ka sha ruwa. Ka ci abinci kuwa, me ya sa ka rame, Auta ba ta..."

Ya kashe injin. Bai fito ba. A garejinsa motar ta kwana a tsayinta na tafiya. Ya duba ta a miƙe, domin duk mai son ganin ƙarƙashin mota ɗaga ta yake yi, tun ranar da ya fara riƙe sifana haka aka koya masa. Bai taɓa barinta a ƙasa ba ko na ɗan lokaci. Me zai gani a motar da ko kansa ba zai shiga ƙarƙashinta ba? Ya tambayi Yaya ƙasa, ya tambaye shi kaya, ya tambaye shi ɓangare. Wannan ce kaɗai bai tambaya ba, Yaya kuma bai ga abin faɗa a ciki ba.

"Ka yi shiru ka ji," in ji Inna daga kujerarta. "Yanzu za ta fara ajiyar zuciyarta."

"Ajiyar zuciya?"

"Kullum in na sauka sai ta yi. Siiii, a hankali, kamar mai barci. Ta nan gefena. Ni na ɗauka gajiya ce, ai ta yi ƙoƙari."

Ya fito ya tsuguna a gindin tayar hagu ta baya. Da farko bai ji komai ba sai ƙarar injin da ke hucewa. Sannan ya ji. Siririya ce ƙwarai, in kaza ta yi motsi a tsakar gidan sai ta ɓace.

"Inna, tun yaushe kike jin wannan?"

"Tun kafin ta fara kwanciyar nan."

"Ba ki gaya wa kowa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ɗaya yana shago, ɗaya kuma daga bakin ƙofa yake gaisuwa."

Ya ɗauko kwalbarsa daga ƙarƙashin kujerar direba, ya kwanta a siminti ya gwada cusa kai. Goshinsa ya bugi ƙarfe. Ya gwada ta baya, nan ma babu hanya. Ya zura hannu ta bayan taya har kafaɗa, ya matsa kwalbar a makance inda yake zaton jakar take, ya yi ta fesawa har ruwa ya fara ɗiga ƙasa. To, ya fesa. Amma ta wace hanya zai gani? Ya kwanta rigingine yana kallon sama, hannu jiƙe da sabulu, ga sautin a kunnensa, ga jakar tazarar taku ɗaya daga fuskarsa, amma kamar tana wani gari.

"Me kake nema a ƙasa kamar wanda ya yar da allura?"

"So nake in ga bayan tayar, Inna. Kaina ba ya shiga."

"Ni ma ban taɓa ganin ƙeyata ba, amma na san yadda kitsona yake." Ta buɗe jaka, ta tona cikin magunguna da carbi da katin asibiti, ta fito da ɗan madubi mai murfin roba. "Ungo. Kada ka fasa mini."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya tura madubin ƙarƙashin motar, ya tokare shi da tsakuwa ya karkata, ya kunna fitilar wayarsa ya haska. Ya ɗan jima yana gyara karkatar, yana ganin ƙarfe, yana ganin laka, yana ganin idonsa. Sai ga jakar. A durƙushen nan robar ta naɗe kanta can ƙasa, kuma a daidai bakin naɗin, wani farin abu yana kumbura, yana fashewa, yana sake kumbura.

Bai yarda ba tukuna. Ya tashi ya tayar da motar ya ɗaga ta, ya shiga ya fesa wa wurin. Robar ta miƙe sumul, tsagar ta rufe bakinta, babu komai. Ya sauke ta, ya fesa, ya duba madubi. Kumfa. Ya sake ɗagawa. Babu. Ya sake saukewa.

"Kai, ka ƙyale baiwar Allah haka," in ji Inna. "Laifin me ta yi maka take ta ba ka haƙuri?"

Sauran ya warware masa da kansa yana zaune a ƙasa. Jakar hagu ce ke fara sacewa, shi ya sa matar Yaya, mai shara da yamma, take ganin hagu. Motar kuma an yi ta da son daidaito, in ta ji kusurwa ɗaya ta yi ƙasa sai ta rage wa sauran iska su bi ta. 'Yar da ke rufe ƙofar gida ta ga baya ya sauka. Yaya mai fitowa da safe ya tarar da duka. Kowa gaskiya ya faɗa, lokacin kallonsu ne ya bambanta.

Ana haka babur ɗin Yaya ya shigo. Ya ga surukinsa zaune a siminti, riga jiƙe, da madubin mata a hannu.

"Lafiya?"

"Yaya, zo ka gani. Sai ka kwanta."

"In kwanta? Da wannan rigar?"

"Kwanta mana," in ji Inna. "Ni na wanke maka waɗanda suka fi ta datti."

Yaya ya tattare rigarsa, ya durƙusa, ya kwantar da kunci kusa da taya yana ƙunƙuni. "Ban ga komai ba. Hancina nake gani."

"Ka matsa kaɗan. Bi hasken."

Can ya ce, "Wannan ɗan farin? Wannan ne ya hana mu sakat?"

"Shi ne."

"To me ya sa ba ka gan shi ba duk kwanakin nan?"

"A tsaye nake duba ta. A tsaye kuma ba ta yi."

Yaya ya tashi zaune yana kakkaɓe kunci. Ya dubi motar, ya dubi uwarsa, wadda ta kafe shi da ido. "In ka canza wannan ɗin, shi ke nan?"

Mai Kumfa ya so ya ce shi ke nan. Amma sauran ukun sa'anninta ne, kuma bai taɓa ganin ko ɗaya a naɗe ba. Kwamfuresan ma ya sha wahala, bai san abin da ya rage masa ba. Wani tunanin kuma ya zo ya tsaya masa a rai: motoci nawa ya ɗaga ya fesa ya mayar wa masu su, ya ce bai ga komai ba?

"Wannan dai na gan ta," ya ce. "Sauran sai na kai ta kan ramin mai juye, inda ake canza baƙin mai, in sauke ta, in shiga daga ƙasa in duba su a durƙushe. Kafin nan, in Inna ta sauka a riƙa ɗaga ta."

Yaya ya ciro wayarsa, ya jujjuya ta a hannu, sannan ya matsa gefe. Suka ji yana cewa, "Maganar goben nan, a bar ta tukuna. A'a, ba fasawa... to, fasawa ce."

Inna ta gyara zama. "Mijin Auta, ruwan nan fa har ya yi ɗumi. Za ka sha ko sai na sa an kawo shayi, wai ma ƙaramin ya daina tarin?"

"Ya daina, Inna. Tun tuni." Ya ɗauki kofin ya shanye a tsaye a gabanta. Ya goge madubin da gefen rigarsa ya miƙa mata, ta duba shi gaba da baya kafin ta mayar jaka.

Ya shiga motar ya ɗaga ta zuwa tsayinta, ya kashe, ya ba Yaya makulli. Masu sayar da kayan mota ba su rufe ba tukuna, kuma akwai mutum ɗaya a layin ƙarshe da yakan ajiye irin wannan jakar, in bai sayar ba. Daga can sai wurin mai juye, ya roƙi aron rami da sassafe kafin motoci su yi layi. Ya soke kwalbarsa a aljihun wando, ya fita ta ƙaramar ƙofa, ya miƙe titi da sauri.